Naira Dubu Goma da Tsohon Rediyon Alhaji

Waɗanda suka saba tsayawa gaban wannan allo lokacin tara sun lura cewa makonni uku ke nan Kulob ɗin 'Yan Jarida bai liƙa komai ba sai sanarwa. Har wani ɗan aji biyu ya rubuta da biro a ƙasan takardar yana tambaya ko 'yan jaridar sun shiga yajin aiki ne. Gyaran rediyo muka shiga, ga kuma bayanin yadda aka yi.

Duk wanda ya taso a tsofaffin gidajen Doka, ko Unguwar Sarki, ko Abakwa, ko Unguwar Shanu, ya san irin rediyon da muke nufi. Yana zaune cikin dibaida a falon mai gida, hawa-hawa: amfilifaya mai haɗe da rediyo a ƙasa, rikoda mai cin kaset a tsakiya, garmaho a sama, sai manyan lasifikoki biyu na katako, ɗaya dama ɗaya hagu, an lulluɓe su da ƙyalle an ɗora furen roba. Yawancinmu ba mu taɓa jin muryarsa ba. Mun dai san ana hana yara taɓawa, kuma ana share masa ƙura ranar jajibirin Salla.

A zamaninsa kuwa shi ne darajar falo. Lokacin da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, rediyo na cikin abubuwan da mutane suka yi rububin saye. Alhazai ma sukan dawo da shi tsaraba daga Makka. Sunaye irin su National, Sharp, Sony, Sansui, Pioneer da Akai kowa ya san su a garin nan. Kuma akwai abin saurare, domin tun 1962 Rediyon Kaduna yake watsa shirye-shirye, ana jin sa har wajen Najeriya. Iyayenmu har yau suna maganar Zaɓi Sonka da Samanja kamar jiya aka yi.

Wanda muka yi aiki a kansa na kakan wata 'yar kulob ɗinmu ne, 'yar ajin ƙarshe. Alhaji tsohon ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, ya ce a 1983 ya saye shi a wani kanti da ke titin Ahmadu Bello, ƙirar Japan. Ya fi shekara goma a mace. Abin da ya tayar da maganar shi ne Kawunta, babban ɗan Alhaji, yana son a yi wa falon fenti a sa sababbin kujeru, har ya kira 'yan jari-bola sun zo sun ɗaga sun yi masa kuɗi da kilo. Alhaji bai hana ba, amma ya ce akwai kwali guda na kaset a ƙarƙashin gado, ciki har da guda huɗu masu muryar marigayiya matarsa, kuma in rikodar ta tafi bai san inda zai sake jin ta ba. Jikar tasa ba ta taɓa ganin kakar ba, ta rasu kafin a haife ta. Ita ta kawo maganar taron kulob. Kawu ya ba mu zuwa ƙarshen wata, ranar da masu fenti za su zo.

Mu ashirin ne, kowa ya kawo naira ɗari biyar, aka sami dubu goma. Malamin Fiziks ya yarda ya tsaya mana, ya aro mana mitar awon wuta da ƙarfen dalma daga ɗakin gwaje-gwaje, da sharaɗi guda: babu mai sa hannu cikin akwatin in filogi yana jikin bango, kuma duk abin da ya shafi ɓangaren wutar gida shi zai taɓa da kansa. Muna jaddada wannan ga 'yan ƙananan aji. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, tana kisa. Manyan kwandensoshin da ke ciki ma suna riƙe wuta bayan an zare filogi, sai an sauke musu ita tukuna.

Kafin a kwance kusa ko ɗaya, Malam ya zaunar da mu gaban Alhaji ya ce mu yi aikinmu na 'yan jarida, mu yi tambaya. Me ya fara lalacewa? Yaya ƙararsa take kafin ya mutu? Wa ya taɓa buɗe shi? Alhaji ya ce da farko maɓallin ƙara ne ya soma ƙarƙara in an murɗa. Daga baya lasifikar hagu ta riƙa zuwa tana ɗaukewa, in an bubbuga akwatin ta dawo. Sai wani gurnani ya shigo. Rikodar kuma ta tauna masa kaset ɗaya daga cikin na Hajiya, tun ranar bai ƙara sa mata komai ba. Ƙarshe wata rana aka kunna, ko fitila ba ta kawo ba. Wani mai gyara ya taɓa zuwa sau ɗaya, shekaru da dama da suka wuce. Muka rubuta duka a littafi. Wannan hirar ta minti ashirin ita ta nuna mana cewa cuta biyar muke nema, kowace da magani daban, kuma ta hana mu sayen abin da ba mu buƙata.

Muka fara daga bango. Soket ɗin lafiyarsa ƙalau, don mun gwada da fanka. Fiyus ɗin cikin filogi ma lafiya lau. Da muka bi wayar da hannu, sai ga wuri a bayan dibaida inda ɓera ya gwagwiye ta har ya yanke sili ɗaya. Shekara goma na shiru, ashe ɓera ne. Sabuwar waya mita biyu ta raba gardama. Malam ya kuma nuna mana wani ɗan maɓalli a bayan akwatin mai lambobi 110, 220 da 240. Wannan shi ke gaya wa taransifoma irin wutar ƙasar da take. A Amurka bolt 120 ake amfani da shi, a Japan 100. Duk wanda ya sayo kayan Kwatano ya duba wannan wuri kafin ya jona, domin in yana kan 110 aka ba shi wutarmu, hayaƙi za a gani. Namu muka bar shi a kan 240.

Da aka ɗaga murfi, sai da kowa ya ja baya. Ƙurar hunturu ta shekaru ta kwanta kamar bargo, ga saƙar gizo, ga ƙwan kyankyasai, ga gidan zanzaro guda biyu manne a jikin ƙarfen da ke sanyaya na'urar, ga busasshiyar tsaka a gefen taransifoma. Buroshin fenti busasshe da famfon keke muka yi amfani da su, a tsakar gida, kowa da ƙyalle a hanci. Ƙura ba ƙazanta kaɗai ba ce a wurin irin waɗannan kaya. Tana toshe hanyar iska zafi ya taru, in damina ta zo kuma ta sha laima ta ci ƙarfe.

A nan muka ga aikin mai gyaran baya. Fiyus ɗin cikin akwatin ya ƙone tun tuni, sai aka naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin sigari aka mayar. Fiyus mai gadi ne, an yi shi don ya mutu a madadin abin da ya fi shi tsada. Wanda ya naɗe shi da azurfa ko ya ɗaura masa waya ya kori mai gadi ya bar ƙofa buɗe. Allah ne ya tsare taransifomar, wadda in ta ƙone dubu gomanmu ba za su ko kusa ba. A jikin ƙarfen fiyus ɗin an zana ƙarfinsa, muka kwafa a takarda muka sayo irinsa daidai, guda biyu.

Dabarar da ta fi burge mu ita ce ta ƙwan fitila. Malam bai yarda a jona rediyon kai tsaye ba. Ya haɗa ƙwai mai wat 60, irin na da mai zare a ciki, a kan hanyar wutar, yadda sai ta ratsa ta cikinsa kafin ta isa rediyon. In akwai inda waya ta haɗe a ciki, ƙwan zai haska sosai ya tsaya haka, kuma ba zai bar abin da ya wuce kusan rubu'in amfiya ya shiga ba, don haka babu abin da zai ƙone. In lafiya ne, zai yi walƙiya sau ɗaya ya dushe. Neman ƙwan ya fi haɗa shi wuya, tunda yanzu kowa ya koma farin ƙwai mai tsimin wuta, wanda ba ya wannan aiki. A wajen wata mai kiwon kaji muka samo, tana ɗumama 'yan tsaki da shi. Aka kunna. Ƙwan ya yi walƙiya ya dushe, fitilar gaban rediyon ta kawo ruwan ɗorawa, sai ga muryar mai karanta labarai daga lasifikar dama, cikin gurnani da ƙarƙara. Alhaji ya dubi jikarsa ya ce, "Amarya, ashe dai za ki yi amfani a gidan nan." Ta ce, "Tsoho, bari murna, saura huɗu."

Maɓallin ƙara bai ba mu wahala ba. A cikinsa akwai wata 'yar hanya ta gawayi da ɗan ƙarfe ke gogawa a kai, ƙura ce ke shiga tsakani. Akwai maganin fesawa na musamman na wanke irin wannan wuri. Gwangwani guda ya yi mana tsada, sai muka cire kunya muka roƙi wani mai gyara ya fesa mana kaɗan a kan kuɗi kaɗan. Ana fesawa ta ɗan ramin bayan maɓallin, a murɗa shi gaba da baya kamar sau talatin, rediyo a kashe. Haka muka yi wa sauran maɓallan. Kada wanda ya zuba man keken ɗinki ko kananzir, ƙura za su ƙara tarawa.

Lasifikar hagu ce ta sa muka yi gardama. Wasu suka ce ta ƙone, a nemo wata. Malam ya ce kada a yi zato, a yi musaya. Muka cire ta muka jona a gurbin dama, sai ta yi magana. Muka kai ta dama gurbin hagu, ta yi shiru. Ke nan laifin ba na lasifika ba ne, yana cikin akwati. Muka jona waya ta ramin da ake shigar da sauti daga waje, muka sa karatu, nan ma hagu shiru, ke nan ba ɓangaren kama tasha ba ne. Sai muka aro hedifon mai babban baki muka soka, kunnuwa biyu duk suka kawo. A irin waɗannan amfilifayoyi, sautin hedifon daga wurin da na lasifika ke fitowa ake ɗibarsa. Tunda ya iso nan lafiya, to ɓarnar tana tsakanin wannan wuri da inda ake maƙala wayar lasifika, tazarar da ba ta kai tsawon hannu ba.

Maganar Alhaji ta bubbuga akwati ta dawo mana. Malam ya ɗauki gangar biro ta roba, hannu ɗaya a baya, yana ɗan taɓa wurare a hankali rediyo na aiki. Da ya zo kan ƙafar maƙalin hagu, lasifikar ta yi tari ta yi magana. Aka kashe, aka zare filogi, muka haska da tocila muka ƙara girman wurin da kyamarar waya. Sai ga tsaga siririya kamar gashi ta zagaye dalmar. Shekaru na zafi da sanyi, da jan waya duk lokacin shara, su suka tsaga ta. Ɗigon dalma ɗaya ya gyara. Da mun ɗauka mun kai kasuwa mun ce hagu ba ya yi, mai yiwuwa a ce a canja babban ɓangaren ƙara sauti gaba ɗaya, kuɗinmu su tafi a kan abin da lafiyarsa ƙalau.

Gurnanin shi ya ci kuɗi. Alamarsa ita ce yana fitowa ta lasifikoki biyun, kuma ko an rage ƙara har ƙasa yana nan yadda yake. Ga yadda Malam ya bayyana mana. Wutar gida tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. A cikin rediyo ana juya ta ta fuskanci gefe guda, amma tana zuwa ne a guntu-guntu, sau 100 a daƙiƙa. Aikin manyan kwandensoshi biyu shi ne irin na randa a gidan da famfo ke kawo ruwa yana ɗaukewa: su cika in ta zo, su bayar in ta ɗauke, mai sha bai san an yi ba. A cikinsu akwai wani ruwan sinadari da zafi ke busarwa sannu a hankali, har masana sun ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwanansu. Ku tuna zafin watan Maris da Afrilu a falon da ba fanka. In randar ta tsage, guntu-guntun nan ne kunne ke ji a matsayin gurnani. Namu ɗaya ta kumbura a ka, ɗayar ta zubar da wani abu mai ruwan ƙasa a gindinta.

Ranar Asabar mu biyar muka tafi Panteka, can kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, inda ake cewa in ka rasa abu to ba a ƙera shi ba. Mun ga tsofaffin amfilifayoyi jibge, ana cire musu kaya ana sayarwa da araha. Wani dattijo mai gyara da muka nuna wa namu ya ce, "Yara, me kuke nema?" Muka ce, "Baba, irin wannan muke so, amma kuɗinmu kaɗan ne, ko za a cire mana daga tsoho?" Ya girgiza kai ya ce wadda za a ciro daga tsoho sa'ar tamu ce, ita ma ta sha zafin shekara arba'in. Fiyus, maɓalli, maƙalin waya, duk ana iya cirowa daga tsoho, amma kwandensa da roba sai sabo. Ya karanta mana lambobin jikinta: 6800 shi ne cikinta, a nemi daidai ko kusa, bolt 50 shi ne ƙarfin da take jurewa, a sami daidai ko sama, kada a yi ƙasa. Ya kuma ce mu riƙa aunawa a tafin hannu, in sabuwa ta cika rashin nauyi a girmanta, mu ajiye musu abarsu. A wajen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi muka samo, sun lashe kusan rabin asusunmu. Tana da ƙafar ƙari da ta ragi, akwai zane a gefen ragin, in an juya ta fashewa take yi. Mun ɗauki hoton tsofaffin kafin a cire, Malam ya duba sau biyu kafin ya sa dalma. Da aka kunna, falon ya yi tsit har muna jin agogon bango.

Lasifikar dama kuma takardarta ta ɗan yage, in kalangu ya buga sai ta yi zizar ƙudan zuma. Muka liƙe da siririn ƙyalle da gam ta baya. Ga wata dabara kyauta: in ka taɓa wayoyin lasifika da ƙaramin batir mai bolt ɗaya da rabi, mai rai za ta yi ɗan ƙas, takardar ta motsa. A tabbata duka biyun gefe guda suke motsawa in an jona su iri ɗaya, in ba haka ba sautin ganga zai raunana. A bayan namu an rubuta om 8. Masu jona lasifika huɗu ko shida a gurbi ɗaya ranar biki su sani cewa biyu masu 8 in an haɗa su gefe da gefe sun koma 4, kuma haka ake ƙona amfilifaya.

Saura rikoda, wadda dominta aka faro aikin. Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, ƙarƙashin wani injiniya ɗan ƙasar Holan, Lou Ottens, wanda ya rasu a 2021. Zaren kaset faɗinsa bai kai milimita 4 ba, kuma yana tafiya santimita 4.76 a kowace daƙiƙa. 'Yan ajin lissafi su gwada: kaset mai lamba C60 minti 30 ne kowane gefe, wato daƙiƙa 1800, zaren ya kai kusan mita 86. Duk wannan tsawo wani ɗan sandan ƙarfe ne ke jan sa, da wata 'yar tayar roba da ke matse zaren a jikinsa, sannan ƙafa ta biyu tana naɗe abin da ya wuce. In ƙafar naɗewa ta tsaya alhali sandan yana ci gaba da ja, zaren ba shi da wurin zuwa sai ya cukurkuɗe. Abin da ake kira rikoda ta ci kaset ke nan.

Da muka danna, mota tana kuka a ciki amma babu abin da ke juyawa. Muka buɗe, ashe bel ɗin ya narke ya zama baƙin abu mai danƙo kamar kwalta, ya manne a jikin tayoyi. Wanke shi ya ɗauke mu yamma guda da auduga da sifirit, har yau akwai mai baƙin tabo a rigar makaranta. Tunda babu tsohon bel da za a kai kasuwa, muka zagaya zare a hanyarsa muka auna, muka rage kaɗan don ya kama. Wani ya kawo shawarar robar ɗaure kuɗi. Tana juyawa kam, amma tana miƙewa tana tsukewa, mawaƙi sai ya zama kamar mai kuka, kuma ba ta daɗewa. Sai a shago na huɗu muka sami mai faɗi daidai. Muka goge kan da ke karanta zare da sandan ƙarfen da sifirit har audugar ta daina fitowa da launin ƙasa, tayar roba kuma da ɗan ruwan sabulu, muka bari ta bushe.

Ba mu fara da na Hajiya ba. Muka nemi kaset da babu mai kuka in ya lalace, muka bar ƙofar a buɗe muna kallon ƙafafun biyu suna juyawa, gefe biyu cur. Sannan muka sa na Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, tun ba a haifi ko ɗayanmu ba. Muryar ta fito a dushe, kamar daga cikin rijiya. Akwai wata 'yar kusa a gefen kan karatun da ke daidaita tsayuwarsa. Malam ya murɗa ta kaɗan-kaɗan muna saurare, har kalangu ya fito tas, ya ɗiga mata jan farce don kada ta motsa. Alhaji da ke kan tabarma ya soma kaɗa ƙafa.

Kowane kaset na Hajiya sai da muka duba shi kafin ya shiga. Muka juya shi da biro mai kusurwa shida don mu tabbata zaren bai manne ba. Muka leƙa ɗan soson da ke bayan zaren a tsakiya, na ɗaya ya faɗi, muka liƙa. Muka ɓalle 'yan haƙoran sama guda biyu don kada wani ya danna jan maɓalli ya goge. Wanda aka tauna kuwa, muka kwance kusoshinsa biyar, muka yanke wurin da ya dagargaje, kamar santimita ashirin, muka haɗa bakin da siririn salatif ta bayan zaren. Daƙiƙa huɗu ke nan suka tafi, ba za su dawo ba.

Wasiƙa ce ta murya. A 1990 aka ɗauke ta, lokacin Kawu yana jami'a a Sakkwato, ba wayar hannu, Hajiya kuma ba ta rubutun boko. Aka ba direba ya kai, da ya gama karatu ya dawo da shi cikin kayansa. Ta yi sallama, ta gaishe shi da karatu, ta ce akuya ta haifi biyu, gero ya yi tsada, ya riƙa sa rigar sanyi, kada ya ci bashi. Minti goma sha ɗaya tana magana ba ta ambaci sunansa ko sau ɗaya ba, sai "yaron nan", saboda kunyar ɗan fari. Can sai kukan jariri ya tashi a bayanta, ta ce a yi haƙuri, auta ce ta farka. Autar nan ita ce mahaifiyar 'yar kulob ɗinmu, tana tsaye a bakin ƙofa da mayafi a baki. Kawu ya shigo tun ana tsakiya, da makullin mota a hannu, bai zauna ba kuma bai fita ba. Da kaset ya ƙare Alhaji ya ce, "Allah ya jiƙanki," muka amsa da amin. Mu baƙi muka tattara sukudireba muka fita tsakar gida.

Wani zai ce ai ƙaramar sifika ta Bluetooth ta fi sauƙi, ga ta da batir, ba ruwanta da ɗauke wuta. Gaskiya ne, mu ma da ita muke jin waƙa. Amma ba ta karanta kaset, kuma rikodoji masu rai kullum raguwa suke yi. Zaren kansa yana tsufa, laima na sa masa fumfuna, zafi na sa shi mannewa. Hukumar UNESCO ta ware 27 ga Oktoba na kowace shekara don tunatar da duniya adana tsofaffin sautuka da hotuna. A gidajen garin nan akwai tafsirin da aka ɗauka daga Masallacin Sultan Bello, da waƙoƙin Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge, da walimar aure, da muryoyin mutanen da ba su bar ko hoto ba. Shi ya sa muka sayi wayar da ke ɗaukar sauti daga bayan rikoda zuwa kwamfuta. Babu gajeriyar hanya, kaset na awa guda awa guda yake ci. Na Hajiya huɗu mun gama, an tura wa 'ya'yanta duka ta WhatsApp, an kuma ajiye a wuri biyu.

Masu fenti sun zo ranar da aka sa. An fitar da dibaida an mayar, rediyon yana inda yake, sai dai mun ja shi taƙi guda daga bango don iska, mun cire ƙyallen da ke rufe ramukan samansa. Mun roƙi mutanen gidan su riƙa zare filogi in hadari ya taso ko za a tayar da janareto. Garmahon ne ba mu taɓa ba. Yana juyawa, amma allurarsa ta karye, ba mu sami irinta ba, ga faya-fayai goma sha biyu suna jira. A asusu saura naira dubu ɗaya da ɗari uku, suna hannun ma'ajiyar kulob, lissafin kuma yana liƙe a ƙasan wannan takarda ga mai son dubawa.

Akwai sauran kaset talatin da ɗaya a kwalin Alhaji. Ya yarda mu riƙa zuwa ranar Asabar da hantsi, ya kuma ce wanda ke da kaset na gidansu ya kawo a juye masa, in iyayensa sun amince. A rubuta suna da aji a jikin kwalin kaset ɗin, a miƙa wa sakataren kulob ranar Laraba bayan an tashi. Kada a gwada shi a wata rikoda kafin a kawo. Wanda kuma ya san inda ake samun allurar garmaho, ya same mu a ajin ƙarshe na kusa da ɗakin karatu.